Sunan wa zan sa a saman kati, na mahaifina ko na wanda ya riƙe ni?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum. Ga saƙon wata ƙanwarmu, ta roƙi a sakaya sunanta, za ta riƙa amsa muku da "Amarya". A ba ta shawara, ban da zagin iyayen mutane don Allah.

"Anti barka da dare. Saura sati biyar a ɗaura mini aure, har yau ba a buga kati ba, abin ya hana ni barci. Ina da shekara uku mahaifina ya rabu da Mama. Na zauna wurin kakata a Gwammaja, da Mama ta sake aure ina shekara shida sai mijin ya ce a kawo masa ni. Tun ranar a gidansa nake, Abba nake ce masa. Shi ya sa ni makaranta tun daga aji ɗaya har na gama digiri, shi ya kwana da ni a asibiti lokacin da na karye a ƙafa, yanzu haka ma shi ya ba kafinta aikin gadona da kujeru. Mahaifina yana Gusau da iyalinsa, lafiyarsa ƙalau. Da wayona sau huɗu na taɓa ganinsa, biyu daga ciki a wurin zaman makoki.

Da manyan ango suka zo neman aure wurin Abba, cewa ya yi su tafi Gusau, yarinya da ubanta. Suka je, Baba ya karɓe su hannu biyu, ya ce ya ba su. To abokin ango ne ya tsara kati ya turo mini, a sama ya rubuta 'Iyalan Alhaji (sunan Abba) da na Alhaji (baban ango) suna farin cikin gayyatar…' Ni kuma da rawar kai na ɗora a sitatus ɗina na WhatsApp. Ko awa ba a yi ba ƙanwar Baba ta kira ni, ko gaisuwata ba ta amsa ba ta ce, 'Ashe ubanki ya rasu ba a gaya mana ba?' Ta kashe. Mama kuma ta ce in dai aka cire sunan Abba aka sa na wanda bai san da me na girma ba, to in nemi wata uwar bikin. Abba bai ce komai ba, ban ma san ko ya gani ba. Yaya zan rubuta katin nan?"

Maman Sadik: Wannan ma abin tambaya ne? Sunan Abba, a sama, da manyan baƙaƙe. Haihuwa ai ko akuya tana yi. Shekara 21 ba ci ba sha ba sutura, sai ranar cin shinkafa za a tuna da 'ya?

Mai Kula da Zaure: Maman Sadik, yanzu fa na gama roƙo. Mahaifinta ne, kuma tana karantawa.

Maman Sadik: Afuwan Anti, raina ne ya ɓaci. Amma ina nan a kan bakana.

Abu Hanan: Ba a sauya wa tuwo suna. Ko a tasha uba yake kwana shi ne uba. Gobe in ta Allah ta kasance gadonsa za ta ci, ba na Abba ba. A sa sunan mahaifi kawai, mata ku daina kawo son zuciya cikin maganar nasaba.

Ummu Khairat: "Kawai" ɗin nan da sauƙi a bakinka Abu Hanan, tunda ba kai za ka durƙusa gaida Abba da safe ba, ga kati a kan tebur babu sunansa, ga rasidin kujeru a aljihunsa.

Malam Tudun Wada: Ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Ki kwantar da hankalinki, matsalar ba ta kai yadda kike jin ta ba, abubuwa ne daban-daban suka cakuɗe a takarda ɗaya.

Inda babu sassauci shi ne sunan da zai biyo bayan naki a tsakiyar kati. Na mahaifinki ne. Zaidu ɗan Harisa a hannun Manzon Allah (SAW) ya tashi, har ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, sai aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka ta ce a kira su da sunan ubanninsu, shi ne mafi adalci a wurin Allah. Kuma Annabi (SAW) da kansa ya riƙi agololi. Umar da Zainab, 'ya'yan Ummu Salama, a ɗakinsa suka girma, Umar ɗin nan shi ne yaron da aka ce wa ya yi bisimilla ya ci da dama ya ci na gabansa. Har yau a littattafai Umar ɗan Abu Salama ne, ita ma Zainab 'yar Abu Salama. Babu mariƙin da ya kai wannan, amma bai ɗauke musu sunan ubansu ba.

Walicci ma na mahaifi ne. A Malikiyya budurwar da ubanta yake raye ba mai aurar da ita sai shi ko wanda ya wakilta. Yana iya ba ƙaninsa, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa, yana iya ba amininsa, yana iya ba Abban nan in ya ga dama. Abba ya san haka, shi ya sa ya tura mutane Gusau.

Shi kuwa layin "Iyalan wane" na sama, ba ya cikin abin da aure yake ƙulluwa da shi. Waliyyi, sadaki, shaidu, siga. Kati al'ada ce, sanarwa ce ta masu gayya. Babu laifi ko kaɗan a ga sunan mariƙi a cikin masu gayya.

Abu Hanan kuma, Risalar da ta ba uba walicci ita ce ta ɗora masa ciyar da 'yarsa har sai mijinta ya tare da ita. Kada mu karanta babi ɗaya mu tsallake na kusa da shi.

Abu Hanan: Na karɓa Malam. Amma dai sunan uba ne a farko.

Mai Kati Fagge: Sana'ata ce wannan, bari in sa baki. Irin wannan rigimar ba ta wuce wata ba ta zo shagona ba, har na kan gane tun daga yadda mutum yake jan baki wajen faɗin suna na biyu.

Mutane suna mantawa katin maza wuri uku gare shi na suna: layin iyalai a sama, sunan ango da amarya a tsakiya, sai masu karɓar baƙi da lambobin waya a ƙasa. Wanda bai samu sama ba ana iya girmama shi a ƙasa, amma gaskiya mutum irin Abba a jefa shi cikin lambobin waya tare da abokan ango, gara ma a bar shi.

Abin da na ga ya fi zama lafiya shi ne a jera gida uku. Mahaifi, mariƙi, sannan gidan ango, kowa da layinsa da garinsa. Wasu kuma sukan haura sama su ɗauko kakanni, "Iyalan Marigayi Malam wane" na wajen uba da "Iyalan Marigayi wane" na wajen uwa, tunda ba mai kishi da mamaci. Sai dai a naki wannan ba ta fitar da ke ba, Abba yana waje.

Abin da nake roƙonki kada ki yi shi ne kati biyu. An taɓa sa ni na buga ɗari uku da sunan uba, ɗari uku da sunan mijin uwa, wai kowane ɓangare a kai masa nasa. A da can wannan dabara tana ci. Yanzu kuwa kafin tawada ta bushe an ɗauki hoto, kwana biyu ba a yi ba katunan biyu suka haɗu a wayar mutum ɗaya. Ni aka zo aka tsare a shago wai ni na yi kuskure. Tun daga ranar ba na taɓa injin sai babban gida ya turo mini "na amince" a rubuce.

Ɗan Baiwa: Duk wahalar nan ta mece ce? A bar katin mana, a tura saƙo a waya. Iyayenmu da goro aka gayyaci mutane aurensu.

Ummu Khairat: To saƙon wayar da sunan wa zai fara, Ɗan Baiwa? Kuma mai rabon goron ma cewa yake "wane yana gayyatarka".

Baban Yara: Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa magana ba, yau zan yi. Duk kun yanke wa mutumin Gusau hukunci ba ku ji ta bakinsa ba. Ni ma ina da 'ya a hannun tsohuwar matata. Shekarun farko duk wata ina aikawa, a dawo mini da kuɗina. Na je da kaina, aka bar ni a tsaye a ƙofar gida kamar mai tallar gawayi, aka ce ta tafi islamiyya, ina jiyo muryarta a tsakar gida. Sau nawa namiji zai jure wannan a ƙofar gidan wani namiji? Na haƙura na zuba wa Allah ido. Na tabbata yau in aka tambaye ta cewa za ta yi ubanta ya yar da ita.

Ban ce haka ta faru a gidanku ba Amarya. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin da ya karɓi manyan ango hannu biyu bai ce sai an kawo masa ke Gusau ba, bai ce sai a ƙofar gidansa za a ɗaura ba, wannan bai yi kama da wanda ba ya son ki ba. Ranar da na ga katin auren 'yata da sunan wani a gurbina, wallahi ban san yadda zan yi ba.

Maman Sadik: Akwai kotu ai Baban Yara. Wanda yake son ɗansa da gaske alƙali yake kai wa ƙara, ba ya zuba wa Allah ido shekara ashirin.

Baban Yara: In kai uwar 'yata kotu, yarinya ta tashi ta ji ubanta ya yi shari'a da uwarta? Na zaɓi wanda na zaɓa, wataƙila na yi kuskure.

Amarya: Baban Yara, maganarka ta sa ni kuka. Gaskiya ban san abin da ya faru tsakaninsu ba, Mama ba ta taɓa zancen ba, kakata da za ta gaya mini kuma ta rasu. Abu ɗaya nake tunawa. Wata ƙaramar Sallah ina aji uku wani mutum ya kawo leda daga Gusau, na leƙa na ga atamfa da jan takalmi mai igiya. Da yamma na nemi ledar na rasa. Ban tambaya ba, kuma ba a sake kawowa ba. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai yau.

Takarduna na makaranta duk sunan Baba ne a kai, Abba ne ma ya rubuta da hannunsa ranar da ya kai ni. A unguwa ne kawai ake ce mini 'yar gidan Alhaji.

Hajiya Babba: 'Yata, ni zawarci na yi da 'ya'ya uku kafin Allah ya kawo mini wani auren, don haka bari in fassara miki maganar mamanki. Ba sunan Abba take karewa ba kaɗai. Tana jin kunyarsa ne. Mutum ya ɗauki nauyin da ba nasa ba shekara 18, dangin mijin nan wataƙila sun sha yi mata gori a kan agola tana haɗiyewa, yau kuma a ce ranar da za a fita kunya an goge shi. Da wane ido za ta kalle shi? Sannan akwai nata ciwon da ba za ta gaya miki ba. Kada ki yi mata gardama da aya da hadisi, ta san su. Wanda zai iya sauko da ita mutum ɗaya ne, shi ne Abban da kansa.

Kuma ni abin da yake ba ni mamaki, ana ta faɗa a kan sunan maza biyu, ita da ta yi naƙuda ta yi goyo ta yi wankin kashi ba wanda ya ce a sa nata.

Abu Hanan: Haba Hajiya, sunan mace a katin ɗaurin aure? A raba wa maza a masallaci suna karanta sunan matar mutane?

Ummu Khairat: Sunan mace ba al'aura ba ne. Amru ɗan Asi ya tambayi Annabi (SAW) wa ya fi so a cikin mutane, ya ce A'isha, da sunanta. Sura sukutum a Alƙur'ani sunanta Maryam. Kunya ce tamu ta Hausa, mu kira ta da sunanta, kada mu jingina wa addini.

Hajiya Babba: Ni ma ban ce lallai a sa ba, Abu Hanan, tsokanarku nake. Mu muna da namu katin, na kamu da wuni da walima, a can uwa take sarauta. Amarya, ki tuna wa mamanki wannan. Katin mata nata ne, ta rubuta sunanta haɗe da na Abba yadda ake kiranta, ba mai ce mata don me.

Ɗan Damagaram: Ku mutanen Najeriya kuna ƙuntata wa kanku da suna biyu. Mu nan takardar gayyata gida goma, goma sha biyar ake jerawa a ɓangaren amarya, haka a na ango. Babban gidan wane a Damagaram da Maraɗi da Yamai, gidan wane a Agadas da Kano, har ƙasan takarda. Uba yana ciki, mijin uwa yana ciki, kawu, kakan kaka, kowa ya duba ya ga nasa ya yi shiru. Illarta ɗaya, tsoho sai ya sa tabarau kafin ya gano wa ake aurarwa.

Mai Kati Fagge: Na taɓa buga wa wasu 'yan Maraɗi irinsa, sai da na rage girman rubutu sau uku a CorelDraw. Amma ko a can ai akwai wanda yake layin farko, Ɗan Damagaram.

Ɗan Damagaram: Akwai kam. Kuma ana faɗa a kansa, ban ɓoye maka ba.

Zainabu Landan: Turawan nan su ma suna da tsarinsu. In iyaye sun rabu sunan uwa ne a layin farko, na uba a layi na biyu, ba a haɗa su da "da" don kada a zaci har yanzu suna tare. In abin ya cakuɗe da yawa sai ango da amarya su yi gayyar da sunansu, su ce tare da iyalansu, ba a ambaci kowa ba.

Hajiya Babba: Amarya ta gayyaci mutane aurenta da bakinta? A Kano? Zainabu ki dawo gida haka nan, kin daɗe.

Maman Sadik: To in dole sai an sa duka biyun, a rubuta a fili: wane mahaifin amarya, wane mariƙinta. Kowa ya san wanda ya yi wahala.

Ummu Khairat: A'a, wannan kam ban goyi baya ba. Kati har ƙauyen su ango zai je. Me ya sa za a buga wa yarinya tambarin agola a takardar da za a ajiye a cikin littafi shekara da shekaru? Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba ya ɗauka baffanta ne. A bar kaza cikin gashinta.

Alhaji Na Kwari: Ni mijin uwa ne, agola biyu na aurar, mace da namiji. Zan gaya miki abin da yake ran irinmu, don ba kasafai muke faɗa ba.

Duk wanda ya riƙi ɗan wani da hankalinsa ya san ranar nan tana zuwa. Tun ranar da na ɗauki yarinyar na san ba ni zan ce "na bayar" ba. Sunana a kati bai taɓa damuna ba. A auren ta farkon, abin da ya soke ni shi ne komai a bayana aka yi. Ana ƙus-ƙus a ɗaki, in na shigo a yi shiru, sai kati na gani a hannun maƙwabcina, shi yake tambayata ashe an sa rana. Ranar ɗaurin aure dangin ubanta suka cika sahun gaba, sanƙira yana ta kiran sunaye, ni ina can wajen takalma tare da yaran unguwa. Ba wanda ya yi da mugunta, kunyata suke ji, kunyar ce ta sa suka guje ni. Na koma kasuwa ranar ban ci abinci ba.

A na biyun yaron da kansa ya same ni bayan isha, ya zauna a ƙasa ya ce Baba ga yadda ake ciki, me ka gani? Ni na ce a sa sunan ubansa shi kaɗai. Ya ƙi, muka yi ta ja, a ƙarshe aka sa biyu.

Kin ce ba ki san ko Abba ya gani ba. Ya gani. Mutumin da yake da lambarki kuma yake biyan kafinta ya gani tun a daren. Yana jira ne ya ga ko za ki zo. Kada ki aiki mamanki, kada ki tura saƙo. Ki je da ƙafarki yau, kafin labarin gwaggonki ya iso masa ta wani bakin.

Malam Tudun Wada: Alhaji ya gama magana. Abin da zan ƙara, Gusau ma kada a tura musu kati a waya a ce "ga shi an gyara". A samu babba, kawunki ko wani da Baba yake jin nauyinsa, ya kira ko ya je. Ita gwaggo a ba ta haƙuri, a gaya mata gaskiya cewa yaro ne ya tsara bai san gidan ba. Sannan ku duba layin wurin ɗaurin aure. In aka rubuta ƙofar gidan Abba, an sa Baba zuwa gidan mijin tsohuwar matarsa ya ba da 'yarsa, da nauyi. Masallacin Juma'a ya fi sauƙi ga kowa.

Baban Yara: Wannan ta masallacin ita ce. Ni da a ce in tsaya a wannan ƙofar gara in wakilta.

Amarya: Assalamu alaikum, na dawo. Ku yi haƙuri kwana shida shiru.

Na je wurin Abba a daren da Alhaji Na Kwari ya yi magana. Yana cin tuwo, na zauna a bakin ƙofa na kasa cewa komai. Shi ya fara, ya ce maganar kati ce ko? Ashe tun ranar ya gani, har ya kira baban ango ya ce a dakata da bugawa, bai gaya wa kowa a gidan ba. Ya ce a cire sunansa, shi ba don kati ya riƙe ni ba. Na ce in babu sunansa ni ma a cire nawa. Ya yi dariya ya ce to auren wa za a ɗaura. Daga nan ya ce in tashi in ba shi wuri, na ga dai bai ƙarasa tuwon ba.

Ranar Asabar kawuna ya tafi Gusau. Ya ce Baba ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce a sa sunan Abba, wanda ya yi abin da shi bai yi ba ba a goge shi. Walicci kuwa ƙaninsa ya ba, Baffa ne zai bayar da ni. Kawu ya so ya roƙa wa Abba, ya ga fuskar ba ta ba da wannan ba, ya bari. Gwaggo har yanzu ba ta ɗaukar wayata.

Ga yadda aka tsara:

Iyalan Alhaji (Baba), Gusau
da Alhaji (Abba), Kano
tare da iyalan Alhaji (baban ango)
suna farin cikin gayyatar ………… zuwa ɗaurin auren 'ya'yansu
(sunan ango da na babansa)
da
(sunana da na Baba)
a masallacin Juma'a na unguwarmu, bayan an sauko.
Wanda bai samu zuwa ba ya taya mu da addu'a.

Mama ta karanta sau biyu ta ajiye, ta ce tunda Abba ya yarda ita mece ce tata. Ba ta yi murna ba, amma ta ci gaba da rabon anko. Ban tambaye ta zancen jan takalmin ba, ban sani ba ko zan taɓa tambaya.

Abu Hanan: Malam, "'ya'yansu" ɗin nan fa? Ba ta shiga abin da ka hana ba?

Malam Tudun Wada: Ba ta shiga ba. Nasabarta tana nan a rubuce a tsakiya. Wannan kiran girmamawa ne, Annabi (SAW) ya ce wa Anas "ya ƙaramin ɗana" alhali ba shi ya haife shi ba. Allah ya ba da zaman lafiya, ya saka wa Abba da Aljanna.

Maman Sadik: Amin. Ni dai har yanzu da Abba ne a layin farko da ya fi mini daɗi, amma ba aurena ba ne. Allah ya kai mu.

Amarya: Na gode muku duka. Saura ɗaya kuma. Jiya matar Baba ta aiko wai a turo mata kalar anko na mutum goma sha biyu, kuma tana tambaya ko sunanta yana katin wuni. Ban gaya wa Mama ba tukuna.

Hajiya Babba: Kada ki gaya mata da daddare. Ankon a tura, kuɗinsu ne za su saya. Katin wuni kuwa na mamanki ne, in matar Baba tana so ta buga nata ta yi wa mutanenta walima a Gusau, ki je ki zauna musu awa biyu a ɗauki hoto.

Mai Kati Fagge: Kafin a kai wa mai bugawa, lambobin ƙasa a sa ɗaya ta Gusau ɗaya ta Kano ɗaya ta gidan ango. Ki duba ko Baba yana da wata sarauta ko laƙabi da ake haɗa masa, in aka manta da ita wata sabuwar rigimar ce. Na gwaggo kuma ki rubuta sunanta da biro a kan ambulan, ki ba kawu ya kai mata hannu da hannu tare da goronta. Kuma don Allah wannan karon kada ki ɗora a sitatus sai nata ya isa.